Shafin Bogi Mai Kama da Na Shagonka

Ka ɗauka ga shafukan intanet biyu a gabanka. Tambari ɗaya, launi ɗaya, hotunan shadda da atamfa iri ɗaya, har farashin ma bai bambanta ba. Na dama na mai shagon ne. Na hagu kuwa ɗan damfara ne ya kwafe shi tsaf.

To ina za a gane? Can sama, wurin adireshi. Komai na cikin shafi yana kwafuwa, amma adireshi ɗaya ba ya zama na mutum biyu. Shi ya sa ɓarawon ke yin rajistar mai kama da shi: ya jera r da n su yi kamar m, ko ya sa sifili a gurbin o. Akwai ma dabarar da ta fi wannan. A 2017 wani masanin kwamfuta, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshin da ido ke karantawa apple.com, alhali haruffansa irin na rubutun Rashanci ne, kuma manhajojin buɗe shafukan intanet, Chrome da Firefox, suka nuna shi kamar na gaske.

Sai batun alamar ɗan kwaɗon kullen nan na gefen adireshi da aka daɗe ana cewa in ka gan shi ka saki jiki. Kar ka saki! Abin da yake nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma kyauta ake samun takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya bayyana. Google da kansa ya cire alamar daga Chrome a 2023 saboda wannan ruɗanin.

Alhaji mai shago, Hajiya mai kayan kicin, kuɗin kwastoma ake sacewa, amma sunanku ne ke ɓaci. Wanda ya tura dubu hamsin bai ga kaya ba, ku zai zaga a kasuwa. Don haka ku riga ɓarawo: ku yi rajistar sunan kasuwancinku a .com da .ng da .com.ng, na Najeriyar ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su. Ku buga adireshinku na gaskiya a jikin leda da rasit, ku riƙa nanata cewa lambar asusunku ɗaya ce, kuma ba kwa tambayar PIN ko OTP ko BVN. Lokaci-lokaci ku nemi sunanku a Google da Facebook, domin 'yan damfara har talla suke biya don nasu ya hau sama.

In kun ci karo da na bogi, ku ɗauki hotonsa, ku sanar da kwastomominku nan take, kunya ba ta nan. Sannan ku kai ƙara ga kamfanin da ya yi rajistar adireshin, da Google Safe Browsing mai sa jan gargaɗi a kan shafi, da EFCC. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuwa, ya kira bankinsa yanzu, kafin a kwashe.