Bayan an rufe rami, wa zai mayar da inuwa?

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron masu unguwanni da matasa a Sakkwato.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata da ke can baya, da ƙannena matasa, Allah ya saka muku da alheri.

Kowa a nan ya san halin da Mabera ke shiga idan watan Agusta ya kama. Ruwan samanmu bai da yawa, amma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, wani sa'in a dare guda ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Ga gari yana ta faɗaɗa ta Arkilla da Bado da Dambuwa, gini ya riga magudana isa. Galibin gidajenmu kuwa salga ce da sokawe. Idan ruwa ya kwanta, ƙazanta sai ta bi ƙasa ta tarar da rijiya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma ba mu manta da kwalarar 2021 ba.

Saboda haka a haƙa kwata, a zurfafa, a sa kwalbati da bututu, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne halin da katafila ke barin ƙasa bayan ta wuce.

Ƙasar sama, wadda ke ɗauke da taki da irin ciyawa, ba ta da kauri. Idan mai haƙa ya cakuɗa ta da marmarar da ya tono daga ƙasa, shi ke nan, sai tumfafiya. Wuri ya zama fako. Ruwan farko ya kwashe yashi ya zuba cikin sabuwar kwatar, damina biyu ta cike, mu koma zargin gwamnati. Don haka tun ranar farko a tara ƙasar sama gefe guda, a mayar da ita a ƙarshe. Wannan ba ya cin kuɗi, kulawa kawai yake so.

To, me za a shuka? Da an ce dashe sai mu ce dogon yaro. Ban raina inuwarsa ba, ya rufa mana asiri a zafin Afrilu, amma daga Indiya aka kawo shi, itacen turare kuma daga Ostireliya. Saiwarsu danshi take bi, ta shiga mahaɗar bututu, ta ɗaga siminti. Ko namu na gida ma, babban itace ba a dasa shi a kan bututu. A bakin kwata ciyawa ake so, jema da gamba, masu saiwa mai riƙe ƙasa. Bayansu sabara da kalgo. Can nesa kaɗan a sa aduwa, magarya, kurna da bagaruwa. Bagaruwar nan, da 'ya'yanta majemanmu ke jeme fatar jar akuyar da ta fitar da sunan Sakkwato a duniya, amma yau yaro ya tashi a unguwa bai san kamanninta ba. Kuka da tsamiya da gawo a kai su filin makaranta da filin Idi, inda za su sake.

Kuma don Allah kada a tumbuke kututture idan ba ya kan layin aiki. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suke renon tohon kututture a gonakinsu, domin saiwarsa ta riga ta kai ga ruwa, ya fi sabon dashe saurin kamawa.

Lokacin dashe Yuli ne, bayan ƙasa ta sha. Sai kejin ƙaya saboda awaki, sai ban-ruwa a ranin farko, wanda a nan ne yawancin dashenmu ke mutuwa. Ranka ya daɗe mai unguwa, a nan muke buƙatarku: kowane gida a damƙa masa itacen ƙofarsa da suna. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, saboda haka muna da hurumin neman iri na gida. Kuma idan wakilanku suka zauna da hukuma, ku nemi a rubuta dashe cikin takardar kwangila, a riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har itatuwan su ga damina ta biyu.

Na ga an ɗaga hannu daga wajen iyayenmu mata. Bismillah, Hajiya.