Awo Biyu Sun Isa: Lacca Kan Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wutar Lantarki

Jama'a, barkanmu da warhaka. Na ga wasu sun zo da mita a aljihu, madalla, domin maganar yau duka a kan abin da mitar nan take nunawa ne. Idan ka auna abu biyu, boltej da kwararar wuta, sauran lissafi ne, ba sai ka kwance na'ura ba.

Boltej shi ne matsin da ke tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt. Kwarara ita ce yawan wutar da ke wucewa, ana auna ta da amfiya. Kamar ruwa ne a cikin bututu: akwai ƙarfin da ke turo shi, akwai yawan da ke fita, sannan akwai ƙuncin bututun da ke tare shi. Wannan tarewar ita ce turjiya, awonta om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa dangantakarsu a 1827: boltej daidai yake da kwarara sau turjiya, V = I × R. Ke nan in kana neman turjiya, sai ka raba boltej da kwarara. Ƙarfi kuwa, wanda ake aunawa da wat, ninkawa ake yi: P = V × I.

Mu ɗauki hita. Ka auna ka ga bolt 230, amfiya 10. Raba 230 da 10, turjiyarta om 23. Ninka 230 sau 10, tana cin wat 2,300. Shi ke nan. Fitilar mota kuma, bolt 12, amfiya 5: om 2.4, wat 60.

To, ga inda nake so mu daɗe. Idan ka cire V ka sa I × R a madadinsa, sai ka sami P = I × I × R. Ku gwada da hitar nan: 10 sau 10 sau 23, 2,300 ɗin dai ce. Amma ku lura, kwarara sau biyu ta shigo lissafin. In ta ninka, zafi ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara. A ganina duk mai aikin wuta da bai riƙe wannan ba, da sauransa, ko da ya iya haɗa waya ido rufe.

Bari ku ga dalili. A ce kana so ka ja wat 1,200 daga batir mai bolt 12. Raba 1,200 da 12, amfiya 100 ke nan. Wat 1,200 ɗin nan a kan bolt 240, amfiya 5 kacal. Yanzu a ce wayar da ka sa turjiyarta om 0.01 ce, abin da mita ma da ƙyar za ta gani. A amfiya 5, wat 0.25 za ta ɓata. A amfiya 100 fa? 100 sau 100 sau 0.01, wat 100 cif, duk a jikin waya suke komawa zafi. Ninki 400 ke nan, alhali waya ɗaya ce, aiki ɗaya ne. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri, kuma ake gajarta ta. Shi ya sa kuma manyan layukan wuta suke ɗaukar dubban bolt: a ɗaga boltej, kwarara ta ragu, asara a hanya ta ragu.

Haka zancen soket da ya saki yake. Mahaɗa ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa, turjiyarta ta kai rabin om, hita na jan amfiya 10. Lissafa: wat 50, a wuri da bai kai kan ɗan yatsa ba. Roba ta narke, wari ya tashi. Fiyus kuwa ba zai ce uffan ba, don kwarara ba ta wuce ƙa'ida ba.

Akwai fuska ta uku, P = V × V ÷ R, ba zan ja ta ba. In boltej ya faɗi rabi, daga 230 zuwa 115, hitar nan wat 575 za ta ba ka, kashi ɗaya cikin huɗu.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

"Malam, na auna ƙwan fitila mai zare na wat 60 da mita, bai kai om 100 ba. Lissafi kuma ya ce kusan 880. Wanne ne daidai?"

Duka biyun daidai ne, ɗan'uwa. Kai a sanyi ka auna shi. Zaren ƙwan, wanda aka yi da ƙarfen tangistin, idan ya ɗau zafi har ya yi haske, turjiyarsa takan ninka fiye da sau goma. Lissafin 880 na lokacin da yake ci ne: 60 raba 230, kusan amfiya 0.26, sai 230 raba 0.26. Wannan ne ma dalilin da ya sa irin ƙwan nan yakan mutu daidai lokacin kunnawa, sa'ad da zare yake sanyi, wuta ta kwararo da yawa. Kuma ka kyauta da ka cire shi kafin ka auna. Ba a auna turjiya wuta na ciki, mita ce za ta lalace, ko mai riƙe da ita ya ji jiki.

Abu ɗaya kafin mu tashi. Wutar gida mai kai-da-komo ce, don haka V × I yana ba da wat na gaskiya ne a kan hita, dutsen guga da ƙwan zare. Fanka, firji da injin jan ruwa kuwa akwai naɗin waya a cikinsu, kwarara tana bin bayan boltej. A nan in ka ninka V × I, abin da ka samu VA ne, wato bolt-amfiya, wat ɗin ya gaza haka. In injin ya nuna VA 1,000, ma'aunin ingancin ƙarfinsa kuma, wato kason VA da yake zama wat, 0.8 ne, to wat 800 yake ci, amma waya da fiyus za ka zaɓa ne bisa amfiyar da ka auna.