Wa Ya Rubuta "Mabuɗin Sulaiman"? Matakin da Ake Tsallakewa Kafin a Buɗe Littattafan Sihirin Turai

[Hoto: gajerun bidiyoyi suna wucewa a fuskar waya, hannu yana buɗe littafi mai zane-zane]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ci karo da wani ya ɗago littafi, shafukansa cike da da'irori da taurari da baƙaƙen da ba ka taɓa gani ba, yana rantsuwa cewa da wannan littafin Annabi Sulaiman ya mallaki aljanu. Wasu sun firgita, wasu kuma suna tambaya: wanda yake son ya fahimci wannan fanni, da wane littafi zai soma? Tambayar tana da amsa, kuma za mu kai gare ta. Amma akwai mataki guda da kusan kowa yake tsallakewa, a kansa za mu daɗe yau.

A gurguje, ga abin da ake magana a kai. Wannan sihirin masu ilmi ne na Turai, sihirin littafi. Mai yinsa yana zana da'ira a ƙasa, ya sa farar riga ta lilin, ya kunna turare, ya yi kwanaki yana azumi da kaɗaici, ya jira sa'ar wani tauraro, sannan ya karanta dogayen addu'o'i da Latin masu cike da sunayen mala'iku. Wanda ya tattara fannin wuri guda shi ne Bajamushen nan Cornelius Agrippa, a littafinsa mai juzu'i uku da ya fito cikakke a 1533. Ga shi nan a allo.

Matsayina kuma ba ɓoyayye ba ne. Sihiri haramun ne, yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma Cocin Katolika ma ya daɗe yana yaƙi da waɗannan littattafai. Abin da nake kira a yi shi ne a san tarihinsu, yadda ake nazarinsu a jami'o'i, don kada wani ya ɗago takarda a bidiyo ya tayar maka da hankali ko ya raba ka da kuɗinka.

To, ga matakin. Kafin ka karanta layi ɗaya a cikin irin wannan littafi, ka tsaya a bangonsa ka tambaya: wa ya rubuta shi, yaushe, kuma da wane harshe? Domin a wannan fanni, musamman a tsofaffin littattafansa, sunan da ke bango sau da yawa na aro ne.

[Hoto: shafin farko na bugun 1889]

Mu ɗauki wanda ya fi yawo, Key of Solomon, wato Mabuɗin Sulaiman. Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya rayu wajen ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwafe-kwafen wannan littafi mafi daɗewa da aka samu ba su wuce ƙarni na 14 zuwa na 15 na miladiyya ba, kuma akasarin waɗanda ake da su da Latin ne da Italiyanci da Faransanci. Ku lissafa da kanku: tsakaninsu ya haura shekara 2,000. Wani zai ce ai ƙila daga Ibrananci aka juyo shi. Akwai kwafin Ibrananci kam, amma an rubuta shi wajen shekarar 1700, kuma masana suna ganin shi ne aka juyo daga harsunan Turai. Ma'ana ya zo daga baya.

Bugun Turancin da kuke gani a bidiyoyin nan kuwa aikin wani Bature ne, MacGregor Mathers, wanda ya zauna a ɗakin karatu na British Museum da ke Landan ya haɗa rubuce-rubucen hannu daban-daban, ya fitar da littafi ɗaya a 1889. Shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa ya cire wasu sassa da yake ganin baƙin sihiri ne. Ka ga ke nan abin da ke hannunka zaɓin mutum ɗaya ne daga cikin tarin kwafe-kwafen da ba su ma yarda da juna ba.

Yanzu ku tsaya a nan, domin wannan wurin ne ya fi taɓa ni. Gabatarwar littafin tana ba da labari cewa Sulaiman ya rubuta shi domin ɗansa, ya yi wasiyya a saka shi cikin akwatin hauren giwa a binne tare da shi, har wasu masana suka tono shi bayan zamani mai tsawo. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji tafsirin aya ta 102 a Suratul Baƙara, zai ji wannan labari ya yi masa kama da wani abu. Ayar ta ce Sulaiman bai kafirta ba, shaiɗanu ne suka kafirta, suna koya wa mutane sihiri. Malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo ruwayoyin cewa an binne rubuce-rubucen sihiri a ƙarƙashin kujerarsa, bayan rasuwarsa aka tono su aka ce ai da wannan yake mulki. Ƙagen tsoho ne, kuma Alƙur'ani ya riga ya wanke Annabin Allah daga gare shi ƙarnoni kafin a rubuta kwafin farko na wannan littafi. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji Musulmi da bakinsa yana tallata shi da sunan Annabi.

[Hoto: jerin hatimai na ruhohi, ɗaya bayan ɗaya]

Ga ɗan'uwansa, wanda ake kira Ƙaramin Mabuɗin Sulaiman, mai ɗauke da sunayen ruhohi 72, kowanne da hatiminsa. Gani ya kori ji, ku dubi muƙamansu a allo. Wannan Duke ne. Wannan Marquis. Wannan Earl. Har da masu muƙamin President. Duk sarautun fadojin Turai ne, wato aljanun ma sai da aka yi musu naɗi irin na Turawa. Littafin na ƙarni na 17 ne, kuma an san inda jerin ya fito. Wani likita mai suna Johann Weyer ne ya fara buga shi a 1577 da sunaye 69. Shi Weyer mutum ne da ya yi ta rubutu yana adawa da ƙona matan da ake zargi da maita, ya kuma buga jerin ne don ya tona asirin masu wannan sana'a. Daga baya wasu suka ɗauka, suka ƙara har ya cika 72, suka liƙa sunan Sulaiman. Bugun da ya shahara ya fito a 1904 ta hannun Aleister Crowley, wani Baturen Ingila da ya yi suna a harkar sihiri.

Me ya sa ake aron suna? Dalilai biyu ne a fili. Na farko tsoro: a Turai ta wancan zamani, sa sunanka a kan irin wannan rubutu yana iya kai ka gaban kotun coci. Na biyu kasuwa. Kamar atamfar da aka buga wa tambarin Holan a gefe ne, alhali ba ta taɓa ganin Holan ba: da tambarin ake cin kuɗin. Agrippa ma bai tsira ba. Ya rasu a 1535, sai ga "juzu'i na huɗu" na littafinsa ya ɓullo a 1559, shekara 24 bayan mutuwarsa. Weyer ɗin nan, wanda almajirinsa ne, ya fito ya ce malaminsa bai rubuta wannan ba.

Haka abin yake da wanda ake kira Littafi na Shida da na Bakwai na Musa, wanda 'yan'uwanmu na kudancin Nijeriya da Ghana suka sani sosai. Wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Stuttgart ta Jamus, Johann Scheible, shi ya buga shi a 1849. Yadda irin waɗannan littattafai suka cika Afirka ta Yamma kuwa, da hannun wani ɗan kasuwa na Shikago a Amurka, L. W. de Laurence. Yana ɗaukar aikin wasu ya sake bugawa da sunansa a gaba, har da Mabuɗin Sulaiman na Mathers a 1914, yana aikawa ta gidan waya zuwa Nijeriya da Ghana da Jamaica. Abin ya kai gwamnatin Jamaica ta haramta shigo da littattafansa. In an turo maka kwafi a WhatsApp, duba shafin farko. In ka ga sunan de Laurence, ka san hanyar da ya biyo.

A nan hotuna sun yi mana ƙaranci, don haka ku yi haƙuri da fuskata na ɗan lokaci, in faɗi wani abu da ba a cika faɗa ba. Ko da a ce mutum ya yarda da duk abin da ke ciki, waɗannan tsofaffin littattafai ba a rubuta su don ɗan koyo ba. Marubucin yana ɗauka cewa ka iya Latin, ka haddace Zabura, ka san lissafin sa'o'in taurari bakwai, kuma kana da lokaci da dukiya. Akwai wani, Littafin Abramelin, da yake neman mutum ya keɓe kansa wata 6 a kwafin Faransanci, wata 18 a kwafin Jamusanci. Crowley ya sayi gida guda a bakin tafkin Loch Ness na Sukotilan a 1899 don ya yi wannan aiki, kuma bai kammala shi a can ba. Shi ma littafin yana cewa wani Bayahude ne ya rubuta shi a 1458, amma kwafinsa mafi daɗewa na wajen 1608 ne. Saboda haka wanda ya ce maka ga littafin farawa, ya miƙo maka Mabuɗin Sulaiman, shi ma bai karanta ba.

[Hoto: Landan a ƙarshen ƙarni na 19, sannan bangunan littattafan zamani]

Littattafan da aka tsara darasi-darasi domin masu farawa sababbi ne ƙwarai, kuma galibinsu daga tushe ɗaya suke. A 1888 mutum uku, ciki har da Mathers, suka kafa ƙungiyar asiri ta masu koyon sihiri mai suna Golden Dawn a Landan. Mawaƙin Ailan W. B. Yeats, wanda ya ci kyautar Nobel a 1923, yana cikin mambobinta. Ita ma ƙungiyar ta ce izininta daga wata mata a Jamus ya fito, ta hanyar wasiƙu, kuma masana tarihi da suka bi diddigi sun karkata ga cewa wasiƙun ƙirƙira ne. Israel Regardie ya buga karatun sirrinsu cikin juzu'i huɗu daga 1937 zuwa 1940. Wata marubuciya, Dion Fortune, ta rubuta nata littafin a 1935. Donald Michael Kraig ya mayar da abin darussa a 1988. Waɗannan aƙalla an san marubutansu da shekarunsu. Sai dai ka riƙe cewa mabiya ne suke rubutawa don samun mabiya, kuma yawancin abin da suke kira ilmin da, an haɗa shi ne a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya.

Wani ɗan ratse, don ba zan iya wuce shi ba. Dubi wannan shafi na Agrippa: hatimi mai gida tara, kowane layi in ka tara ya ba ka 15. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya taɓa ganin irinsa. Turawa daga littattafan Larabci suka samo waɗannan hatimai na taurari. Kuma wani malami Bakatsine, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina su, har masana tarihin lissafi suna ambatonsa yau.

To da wane za a fara? A ra'ayina, da littafin masanin tarihi, mutumin da ya je ya ga kwafe-kwafen da idonsa kuma ba ya neman ka zama almajirinsa. Na farko shi ne Grimoires na Owen Davies, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 2009. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma ya bi labarin de Laurence har zuwa Afirka ta Yamma. Na biyu Magic in the Middle Ages na Richard Kieckhefer, 1989, wanda ya nuna cewa da yawa daga masu kiran ruhohi a Turai ta tsakiyar zamani ƙananan ma'aikatan coci ne da suka iya Latin. Mai Larabci kuma yana da hanya mafi kusa: Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda aka rubuta a 1377, tana da babi a kan sihiri da ɗalasimai da wani a kan ilmin sirrin haruffa, inda ya bayyana abin da masu yi suke da'awa da kuma hukuncin shari'a a kansa.

A nan ne Ibn Khaldun ya ambaci Gayatul Hakim, littafin da aka rubuta a Andalus, aka juya shi zuwa harshen Sifaniya a 1256 bisa umarnin Sarki Alfonso na 10, daga nan ya shiga Latin da sunan Picatrix. Shi ma an daɗe ana jingina shi ga wanda ba shi ya rubuta ba. A kansa za mu tsaya a bidiyo na gaba, tare da Shamsul Ma'arif, in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu.