Lacca: idan zuciyar matashi ta tafasa, me ake masa a asibiti?

Assalamu alaikum, iyayena mata da iyayena maza sannunku da zuwa. Toh abin da muke yawan ji a wajen aiki shi ne uwa ta kawo 'yarta 'yar shekara 15 ta ce likita yarinyar nan abu kaɗan sai kuka, sai ta kulle kanta a ɗaki, wani lokacin har waya take bugawa da ƙasa, an yi faɗa an yi duka an yi ruƙiyya duk shiru. Dan Allah ku saurare ni, ba kullum ba ne rashin tarbiyya. Sashen ƙwaƙwalwa mai kunna tsoro da fushi yana riga nuna, shi kuma na bayan goshi mai cewa dakata ka yi tunani ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kamar mota ce inji ya yi ƙarfi birki bai gama kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A asibiti akwai CBT, wato magani ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, wanda Aaron Beck ya faro a Amurka a shekarun 1960, ana koya wa yaro ya kama tunanin da ya faɗo masa, irin "kowa ya tsane ni", ya tambayi kansa ina hujja. Yana aiki sosai a damuwa da fargaba.

Amma wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce DBT, ita ma hanyar magani ce ta tattaunawa, ana koya wa mutum dabarun riƙe kansa in zuciya ta tafasa. Marsha Linehan ce ta haɗa ta a jami'ar Washington a shekarun 1980, kuma a 2011 ta fito ta faɗa wa duniya cewa ita kanta an taɓa kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana 'yar shekara 17 saboda tana ji wa kanta ciwo, kun ga ba daga nesa take magana ba. Daga baya Alec Miller da Jill Rathus suka gyara tsarin don matasa, suka ce uwa ko uba sai sun zauna a ajin tare da yaron, ba wai a ajiye shi a ƙofa a tafi kasuwa ba.

Me ake koya? In abin ya taso, ba lokacin nasiha ba ne, jiki za a fara saukarwa. Ruwan sanyi a kwano, ya riƙe numfashi ya tsoma fuska na 'yan daƙiƙu, bugun zuciya da kansa yake raguwa, sai dai mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. Ko ya yi gudu ko tsalle har ya yi zufa, ko ya ja numfashi a hankali ya sa fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Mu da muka taso muna jin in ka fusata kana tsaye ka zauna, ka je ka yi alwala, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Sai ɓangarenku iyaye, wanda wallahi shi ya fi wuya. Yarinya ta dawo tana kuka ƙawayenta sun cire ta daga guruf ɗin WhatsApp, Hajiya kar ki fara da "a kan wannan shirmen?" ki ce na ga abin ya yi miki ciwo, zo ki zauna, shikenan ki yi shiru. Ba ki ce fasa waya daidai ba ne, wannan maganar tana nan za a yi ta bayan ta huce, kuma a lokacin ne za ta ji ki.

In kuwa kun ga yanka a hannu, ko kullum doguwar riga ana ɓoye damtse, ko yaro na cewa gara ya mutu, kar a jira. A ɗauke reza da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa masa tunanin, sannan a kai shi asibiti ranar, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa, na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Malam na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.