Cizon kyanwar da ba a san mai ita ba: amsoshin tambayoyinku

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da na ware yau duk a kan magana ɗaya suke, wato cizon kyanwa ko yakushinta, musamman irin wadda ke gararamba ba a san mai ita ba. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin amsarta ta shafi sauran.

Wata baiwar Allah ce ta rubuto. Ta ce ɗanta mai shekara 7 ya ga kyanwa a bayan gida, ya kai hannu zai shafa ta, sai ta cije shi a bayan hannu ta gudu. Huda biyu ne 'yan ƙanana, jinin ma ɗigo kaɗan ya fita. Ta goge masa, ta ɗaure da ƙyalle. Shi ne take tambaya ko hakan ya wadatar, tunda a cewarta ai ba kare ba ne, kuma ciwon bai taka kara ya karya ba.

To Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Amsar a taƙaice ita ce bai wadatar ba. Ina roƙonki, idan har yanzu ba ki kai shi asibiti ba, ki kai shi yau, ko da an yi kwanaki da cizon.

Ƙanƙantar ciwon nan ita ce ke yaudarar mutane. Haƙoran kyanwa sirara ne masu tsini kamar allura, sukan nutse cikin nama su ajiye ƙwayoyin cutar da ke bakinta can ciki, sannan bakin hudar ya rufe da wuri. Daga waje sai ki ga ɗigo biyu, alhali a ciki ƙwayoyin sun samu wurin zama. Shi ya sa cizon kyanwa ya fi na kare saurin yin ruwa, duk da cewa na kare ya fi ban tsoro a ido. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella, wadda ke zaune a bakin yawancin kyanwoyi har da masu ƙoshin lafiya, kuma aikinta da sauri yake: cikin awa 12 zuwa 24 wuri zai iya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ya soma zugi. Hannu kuwa shi ne wuri mafi hatsari, saboda gaɓoɓi da jijiyoyi da ƙashi duk suna dab da fata. Idan haƙori ya taɓa gaɓa, magana na iya kaiwa ga kwanciya a asibiti da tiyata, har yatsa ya sandare.

Abin da ya kamata a yi nan take shi ne wanki, kuma ba wankin shafa-shafa ba. A tara wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudana, a sa sabulu, a yi ta wankewa har minti 15. Wannan shi ne lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai. Minti 15 na da tsawo idan yaro na kuka, na sani, amma a duba agogo a cika shi, domin ruwa da sabulu na fitar da yawun dabbar, kuma sabulu na lalata ƙwayar haukan kare. Idan babu famfo, wani ya riƙa zuba ruwa mai tsabta daga buta ko kofi, wani na wankewa. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit, a rufe da bandeji mai tsabta sako-sako. Idan jini na zuba sosai, a danne da ƙyalle mai tsabta har ya tsaya. Kada a tsotse da baki, kada a tsaga wurin, kada a zuba barkono ko toka ko ruwan ganye ko man inji. Babu ɗayansu da ke kashe ƙwayar cutar, sai dai su ƙona nama su ƙara wa likita aiki.

A asibiti abubuwa uku za a duba. Na farko shi ne ciwon kansa: za a sake wanke shi, kuma yawanci ba a ɗinke irin wannan huda, don kada a kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Sau da yawa likita kan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 3 zuwa 5 tun kafin ciwon ya yi ruwa, musamman idan a hannu ne ko fuska, ko kuma mutum na da ciwon sukari, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko an taɓa cire masa saifa. A bar likita ya zaɓi maganin, domin ba kowane kafso ne ke kashe wannan ƙwayar ba, kuma a shanye shi duka. Na biyu kuma allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Idan an haura shekara 5 da yin ta ƙarshe, ko ba a tuna lokacin ba, akan sake. Ki tafi da katin rigakafin yaron, Malama, zai taimaka.

Na ukun shi ne babba, kuma shi ne ya sa na ce yau ba gobe ba: ciwon haukan kare. Sunan ne kawai ya jingina shi ga kare. Gaskiya ne kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwa na ɗauka, tana kuma yaɗawa ta yawunta. A Amurka, inda aka daɗe ana yi wa karnuka rigakafi, kyanwa ce dabbar gida da aka fi samu da cutar. Kyanwar da ke yawo tana faɗa da wasu dabbobi, babu wanda zai ce miki an taɓa yi mata allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Asiya da Afirka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara ne ke wasa da dabbobi, su ne ake cizo a hannu da fuska, su ne kuma ke ɓoyewa don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar ba ta jini take bi ba, jijiya take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma idan cizon na kusa da kai ko a yatsu tafiyar takan gajarta. Duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ciwon ma ya warke. Amma da zarar alamu sun fito, zazzaɓi, ƙaiƙayi ko jin kamar ana soka allura a wurin tsohon cizon, firgita, kasa haɗiyar ruwa, to kusan babu wanda ke tashi. Abin da ke ci mini rai ke nan, masu sauraro, domin wannan mutuwa ce da ake iya tarewa gaba ɗaya idan an yi allura a kan lokaci. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza rigakafin a Faransa, yaron kuma ya rayu.

Allurar yanzu ba irin ta da ba ce da ake labarin ana yi a ciki sau da yawa. A dantse ake yin ta, ƙananan yara kuma a cinya, ba a yin ta a ɗuwawu don ba ta aiki sosai a can. Akwai tsarin da ake yi a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Akwai kuma wanda ake yi a cikin fata, a kammala cikin mako guda. Duk wanda aka ɗora ku a kai, a rubuta ranakun a cika su. Tunda haƙori ya huda fata har jini ya fita, ki tambayi likita batun wata allurar ta daban, wadda ake yi a cikin ciwon da kewayensa. Ita tana ɗauke da garkuwa shiryayyiya da ke tare ƙwayar cutar kafin jiki ya haɗa tasa, kuma ana yin ta ne a ranar farko ko cikin kwana 7 da fara rigakafin. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Idan babu, a fara rigakafin nan take, sannan a nemi inda take.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan'uwa ce. Ya ce muzuru ya cije shi a ƙafa lokacin da ya taka shi da dare, kuma har yanzu yana ganinsa yana yawo lafiya. Ya ji an ce idan dabba ta kwana 10 ba ta mutu ba shi ke nan, to ko ya jira?

Malam, maganar kwana 10 na da tushe. Kare ko kyanwar da cutar ta riga ta kai yawunta ba ta wuce wannan lokaci ba tare da ta nuna ciwo ko ta mutu ba. Amma ƙa'idar ta dabbar da aka tsare ce ana kallonta kullum, an kuma tabbata ita ce. Muzurun da ka taka cikin duhu, yaya za ka rantse shi ne kake gani da rana? Idan ya ɓace a rana ta 6 fa? A ƙasashen da cutar ke yawo, shawarar ita ce a fara allura, idan dabbar ta cika kwana 10 lafiya likita na iya cewa a dakata. Likita ne zai yanke wannan, gwargwadon yadda cutar take a inda kake. Kada kuma ka ce za ka kama shi da hannu, kar a yi biyu babu. Ka sanar da likitan dabbobi ko ma'aikatan da ke kula da dabbobi. Ka riƙa duba ƙafar kuma: idan ja na faɗaɗa, ko ka ga jan layi na hawa sama, ko mugunya, ko zazzaɓi, ka koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Sai ta uku, wadda wata mai juna biyu ta aiko. Ita ba cizo ba ne, ɗan kyanwa ne ya yakushe ta a hannu mako biyu da suka wuce, yanzu kuma kaluluwa ta fito mata a hammata. Tana tsoron allura saboda cikin.

Hajiya, Allah ya raba lafiya. Kaluluwar na iya zama wata cuta daban da ake samu daga yakushin kyanwa, musamman ƙanana masu ƙuma a jiki. Takan bayyana mako 1 zuwa 3 bayan yakushin, wani lokaci da ɗan zazzaɓi da kasala, kuma ga mai lafiya yawanci takan baje da kanta cikin makonni ko 'yan watanni. Duk da haka ki je a duba, kada a matse ta ko a tsaga, kada kuma ki sha wani magani ba da sanin likita ba. Yakushi ma ana lissafa shi a batun haukan kare, domin kyanwa na lasar farcenta, haka nan idan ta lashi wurin da fata ta buɗe. Mako biyu ba a makara ba, muddin alamu ba su fito ba ana yin allurar. Juna biyu ko shayarwa ba sa hana ta, ana yi wa masu ciki da jarirai da tsofaffi. Ki gaya wa likita watannin cikin, da ranar da abin ya faru, da kuma ko kin taɓa yin wannan rigakafi a baya, domin wanda ya taɓa kammala shi allura biyu kawai akan ƙara masa, a ranar farko da ta 3.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.