Me ya sa mai rawar Kathak take tsayawa cak ana tsakiyar kiɗa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku kalli matar nan da kyau. Tana buga ƙafa, tana buga ƙafa, ta fara juyi, sai kawai ta tsaya cak hannu a sama, mutanen da ke zaune suka ɗauki "wah wah". Irin wannan bidiyon ne ake ta turo min ana tambaya, wasu na cewa mantuwa ta yi, wasu sun ɗauka netwok ne ya maƙale musu, wani ma cewa ya yi jiri ne ya kwashe ta. Ba ko ɗaya. Wannan tsayuwar ita aka zo kallo, kuma a kanta za mu zauna yau.

Sunan rawar Kathak, ta arewacin Indiya ce. Kar ku haɗa ta da Kathakali, waccan ta masu koren fenti a fuska da ƙatuwar hula, ta jihar Kerala ce can kudu, suna ne kawai ya yi kama.

Tarihin a gurguje. Masu yin ta suna danganta asalinta da masu yawon ba da labari, waɗanda suke bin wuraren bautar Hindu suna kawo labaran Krishna, ɗaya daga cikin ababen bautarsu, da waƙa da nuni da hannu. Daga baya ta shiga fadojin sarakuna, har da na Musulmi a zamanin daular Mughal, shi ya sa za ku ga wasu da doguwar riga mai faɗin ƙasa da matsattsen wando, har da gaisuwar da suke kira salami, a kai hannu goshi a ɗan rusuna. Sarkin da aka fi tunawa shi ne Wajid Ali Shah na Lucknow, ya hau mulki a 1847, shi kansa yana rawar yana rubuta waƙa, a 1856 Turawan Ingila suka tuɓe shi ya koma Kalkata. Wajen 1892 aka taso da kamfen na ƙyamar mata masu rawa, aka ce sana'ar banza ce, waɗannan matan kuwa da ake kira tawaif suna cikin waɗanda suka riƙe rawar a lokacin da fada ta watse, kuma ni a ganina har yau ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Bayan samun 'yanci a 1947 gwamnati ta rungume ta, aka buɗe makarantar Kathak Kendra a Delhi a 1964.

To yanzu ga inda ake rikicewa.

Mu da muka taso da finafinan Indiya mun saba kiɗa ne a gaba rawa tana biye. A Kathak ƙafar mai rawa ita ma kayan kiɗa ce, kuma duk abin da ake yi a dandalin nan yana tafiya ne a kan ƙirge da yake zagayawa yana dawowa. Wanda aka fi amfani da shi sunansa tintal, bugu 16 ne, an raba shi gida 4, kowane gida bugu 4. Ku ajiye abin da ke hannunku mu yi tare. Tafi a kan 1. Tafi a kan 5. A kan 9 ba a tafi, juya hannu ake yi kawai, kuma idan kun kasa kunne daga nan kaurin gangar hagu yana ɗaukewa na ɗan lokaci, alama ce an wuce rabi. Tafi a kan 13. Sai 14, 15, 16, a dawo kan 1.

Wannan bugu na 1 ɗin shi ake kira sam, kuma shi ne mahaɗa. Mai tabla, wato waɗannan tagwayen ganguna da kuke gani, zai iya tafiya yawonsa, mai rawa ta tafi nata, ta ninka gudu sau 2, ta ninka sau 4, ta yanka bugun gida-gida yadda ta ga dama, amma dole su haɗu a kan sam ba gaba ba baya. Shi kuma bawan Allahn nan da ke gefe yana goga sarangi, wani irin gogen Indiya, kun lura layi ɗaya yake ta maimaitawa kamar bai iya wani ba? Aikinsa kenan, shi ne agogon, layin nasa bugu 16 ne cif, kowa da shi yake gane inda aka kwana.

Bari in mayar da bidiyon baya kaɗan. Kun ga nan ta zo gaban makirfo tana wata magana da sauri tana tafi, "ta tei tei tat, a tei tei tat". Ba waƙa ba ce kuma ba addu'a ba ce, sautin da ƙafa za ta fitar ne take faɗa da baki tukuna, don mai tabla ya ji, 'yan kallo ma su ji. Wato ta ɗauki alkawari a gaban jama'a, ga abin da zan buga, sai ta koma ta buga shi da ƙafa. Wallahi wannan wajen ya fi burge ni a rawar gaba ɗaya, don babu wurin ɓuya, idan ta kauce kowa ya ji.

Sai abin da ake rufewa da shi, tihai. Jimla ɗaya ce ake bugawa sau 3, bugun ƙarshe na ta ukun ya faɗa kan sam. Ga lissafi mai sauƙi a allo. Jimla mai bugu 5. Ta fara daga 1 zuwa 5, ta huta a 6. Ta sake daga 7 zuwa 11, ta huta a 12. Ta sake daga 13, 14, 15, 16, bugu na biyar ɗin ya sauka ina? Kan 1. Nan ne ake tsayawa cak. Su kuma 'yan kallon da suka san abin tun daga maimaici na biyu suna ƙirgawa a zuci, sun san inda za a sauka, jira kawai suke su ga ko za ta kai, shi ya sa ihun yake fashewa lokaci ɗaya. Wannan da na nuna na 'yan koyo ne fa, akwai wanda ake ɗaukar tihai ɗin gaba ɗayansa a sake maimaita shi sau 3, ya zama 9, a haɗa da juyi a ciki, zagaye nawa ana tafiya kuma a zo a dira daidai.

Ku duba idon sawunta. Waɗannan 'yan ƙararrawar tagulla sunansu gunguru, a jikin igiya ake jera su a naɗe ƙafa da su zagaye bayan zagaye, ƙwararru suna ɗaura 100 ko fiye a kowace ƙafa. Wanda ya san akayau na 'yan rawar koroso ya san dabarar, ƙafa ta motsa ƙarfe ya amsa. Nauyi ne da su sosai, amma ku saurara nan, ta rage ƙarar har kamar guda ɗaya ce tak ke motsi, sai kuma ta sake su duka. Ƙafa ba takalmi, tafin ƙafa gaba ɗaya ke marin ƙasa, gwiwa a miƙe, ba irin zaman rabin tsugune na rawar Bharatanatyam ta kudu ba. Juyin kuma a kan dunduniyar hagu ake yin sa, kai ya riga jiki dawowa ido ya kama wuri ɗaya, shi ke rage jirin.

Akwai ɓangaren labari ma, da ido da gira da hannu, mutum ɗaya ya zama Krishna ya juya ya zama Radha masoyiyarsa, wannan sai mun ware masa bidiyo nasa. Gidajen koyarwa manya 3 ne, Lucknow masu laushi da nuna yanayi, Jaipur masu zafin ƙafa da yawan juyi, sai Banaras.

Masu tambaya ko ita ce rawar da muke gani a fim, yawanci a'a, ta fim gauraye ce. Amma tana leƙowa, Madhuri Dixit ta koyi Kathak tun tana yarinya, kuma Birju Maharaj na gidan Lucknow, wanda ya rasu a Delhi a Janairun 2022, ya tsara mata rawa a fim. Shi ne wannan dattijon da kuke gani yanzu, an san shi da yin tihai da lambobi zalla, yana ƙirga ɗaya biyu uku da baki ƙafa tana amsawa. Zan sake shi daga farko ba zan yi magana ba, ku fara tafi daga inda na ɗaga yatsa.