Shin Ya Kamata Shugaba Ya Nemi Gafara Kan Laifin Ƙasarsa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba wata tambaya da ke yawan tasowa duk lokacin da wani sarki ko shugaban ƙasar Turai ya kawo ziyara Afirka, ko kuma lokacin da jami'an tsaronmu na gida suka yi ɓarnar da ta ci rayukan bayin Allah: shin ya wajaba shugaba ya miƙe a bainar jama'a ya nemi gafara da sunan ƙasarsa, ko da kuwa ba shi ya aikata laifin ba, ko ma ba a haife shi ba lokacin da aka aikata?

A ranar 7 ga watan Disamba na 1970, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya je birnin Warsaw na ƙasar Poland, inda aka kai shi ya ajiye furanni a wurin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka killace a wata unguwa suka hallaka. Bayan ya ajiye furannin ya gyara ƙyallen da ke jikinsu, sai ya ja da baya kaɗan, ya zube bisa gwiwoyinsa a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya yi shiru bai ce uffan ba. Abin lura shi ne, Brandt ba shi da hannu a ta'asar Hitler, domin tun a 1933 ya tsere zuwa Norway, har gwamnatin Nazi ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. Duk da haka, da mujallar Der Spiegel ta ji ra'ayin Jamusawa a lokacin, kashi 48 cikin ɗari sun ce ya wuce gona da iri, kashi 41 ne kawai suka ce ya yi daidai. Ke nan tun wancan zamani neman gafara da sunan ƙasa ba kullum yake samar wa ɗan siyasa farin jini a gida ba.

Masu adawa da irin wannan neman gafara suna da hujja, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tsohon Firaministan Ostireliya, John Howard, ya shafe shekarun mulkinsa yana ƙin neman gafarar 'yan asalin ƙasar waɗanda hukuma ta riƙa raba su da 'ya'yansu da ƙarfin tsiya, bisa dalilin cewa bai dace a ɗora wa mutanen yau alhakin abin da mutanen jiya suka yi ba. Sai da Kevin Rudd ya gaje shi sannan aka yi wannan neman gafara a zauren majalisa, ranar 13 ga Fabrairun 2008. Mai sauraro Musulmi zai iya cewa ai hujjar Howard ba baƙuwa ba ce, tunda Alƙur'ani mai girma ya faɗa cewa babu wani rai da zai ɗauki nauyin zunubin wani. Wasu kuma na cewa idan aka buɗe wannan ƙofa ba ranar rufe ta, domin babu daular da aka kafa ba tare da an zubar da jini ba.

Sai dai wannan hujja ta cakuɗa abu biyu da suka sha bamban, wato zunubi da haƙƙi. Zunubi na mai aikata shi ne shi kaɗai, amma haƙƙi yana bin dukiya duk inda ta je. Kowa ya san cewa idan magidanci ya rasu, ba a raba gadonsa sai an fitar da bashin da ake binsa, kuma ɗan da ya karɓi gona da gida ba shi da bakin cewa bashin na babansa ne, ba ruwansa. Ita ƙasa ba ta mutuwa da mutuwar shugabanninta. Yarjejeniyar da wata gwamnati ta sa wa hannu tana hawa kan wadda ta gaje ta, haka ma rance, haka ma iyakoki. Birtaniya ta ci bashi domin biyan diyyar fam miliyan 20 ga masu bayi bayan dokar hana bauta ta 1833, bayin kuwa ko anini ba su samu ba, kuma baitulmalin ƙasar da kansa ya bayyana cewa sai a 2015 aka kammala biyan basussukan da wannan rance ke cikinsu. Idan har ƙasa ta yarda cewa bashin da ta ci domin ta biya ubangidan bawa yana kanta har tsawon shekaru kusan 180, da wane baki za ta ce haƙƙin shi kansa bawan ya shuɗe da shuɗewar zamani? Haka nan shugabannin da ke cewa ba su suka aikata laifin ba, su ne dai ke tsayawa a bukukuwan tunawa da nasarorin yaƙin da ba su halarta ba, suna cewa mu ne muka yi.

Saboda haka amsarmu ita ce, ya kamata su nema. Inda gizo ke saƙar shi ne irin neman gafarar da ake yi, domin mafi yawan abin da duniya ta gani a 'yan shekarun nan lauyoyi ne suka tsara shi, suka auna kowace jimla yadda ba za ta zama hujja a kotu ba.

Mu ɗauki Kenya. A shekarun 1950, lokacin boren Mau Mau, Turawan mulkin mallaka sun tsare dubban 'yan Kenya a sansanoni, inda aka azabtar da su, aka yi wa mata fyaɗe, aka dandaƙe wasu mazan. Shekaru da dama gwamnatin Birtaniya tana cewa alhakin ya koma kan gwamnatin Kenya tun ranar da ta sami 'yancin kai, har sai da wasu tsofaffi suka kai ƙara kotun Landan, shari'ar kuma ta tilasta wa hukuma amincewa cewa akwai dubban takardun mulkin mallaka da ta ɓoye a wata ma'ajiya. A watan Yunin 2013 ne sakataren harkokin waje William Hague ya shaida wa majalisa cewa gwamnati tana matuƙar takaicin abin da ya faru, aka kuma ware fam miliyan 19.9 domin mutane 5,228 tare da kuɗin lauyoyinsu, amma a cikin wannan jawabin ya nanata cewa gwamnati ba ta ɗauki alhakin a shari'ance ba. Da Sarki Charles ya je Nairobi a ƙarshen Oktoban 2023, ya yi maganar baƙin ciki da takaici, ya ce babu wani uzuri ga abin da aka yi, amma bai nemi gafara ba. Sarki Philippe na Beljiyam ma a kan wannan layi ya tsaya a wasiƙar da ya aika wa Shugaba Tshisekedi na Kwango, ƙasar da Beljiyam ta yi wa mulkin mallaka, a 2020, da kuma ziyarar da ya kai Kinshasa a 2022.

Lamarin Namibiya ya fi wannan koyar da darasi. Tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus sun hallaka dubun-dubatar 'yan ƙabilar Herero da Nama, bayan da Janar Lothar von Trotha ya ba da umarni a rubuce cewa a harbe duk ɗan ƙabilar Herero da aka gani, aka kora sauran cikin hamada aka tsare rijiyoyi. A watan Mayun 2021 Jamus ta amince cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 a tsawon shekara 30 domin ayyukan raya ƙasa, ta kuma kauce wa kiran kuɗin da sunan diyya. Manyan sarakunan Herero da Nama suka yi fatali da yarjejeniyar, suna cewa gwamnatoci biyu ne suka zauna suka yanke hukunci a kan kakanninsu ba tare da an ba su kujera ba, alhali har yau mafi yawan filayen noma masu kyau na hannun tsirarun fararen fata. Hausawa na cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, kuma gafara ba ta hannun gwamnati, tana hannun wanda aka zalunta ko magajinsa.

Ƙasar Hausa ma tana da nata kason a wannan tarihi. A 1899 ayarin sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa kudancin Nijar ta yau yana ƙone garuruwa, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ya karkashe mutanen Birnin Ƙonni, kuma abin da ya fi girgiza mahukuntan Paris a lokacin shi ne yadda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, Bafaranshen da aka turo ya karɓe ragamar ayarin. A 1906 kuma sojojin Birtaniya suka shafe garin Satiru da ke kusa da Sakkwato, inda aka ƙiyasta an kashe mutum kusan 2,000. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: tarihin Satiru ya nuna cewa masu sarautar wancan lokaci sun mara wa Turawa baya. Wannan shi ya kawo mu ga ɓangaren da ya fi wuyar faɗa, wato na cikin gida, domin shugabannin Afirka sun ƙware wajen neman Turai ta nemi gafara, amma harshensu na yin nauyi idan aka zo kan abin da gwamnatocinsu suka yi wa talakawansu.

A Nijeriya an taɓa yin abin a yaba. Ranar 12 ga Yunin 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a fadar gwamnati ya nemi gafarar iyalan marigayi Moshood Abiola da sunan gwamnatin tarayya kan soke zaɓen 1993, aka ba marigayin lambar girma mafi daraja, aka mayar da ranar ta zama ranar dimokuraɗiyya. Ko da wasu sun ce lissafin zaɓen 2019 ne, an ambaci laifin da sunansa, an fuskanci waɗanda aka zalunta, an kuma haɗa da aiki. A 2007 ma babban hafsan sojin ƙasa Laftanar Janar Luka Yusuf ya nemi gafarar al'ummar jihar Binuwai kan kisan da sojoji suka yi wa mutanen garin Zaki Biam a 2001. Amma a kwatanta waɗannan da irin neman yafiyar da muka saba ji a ƙarshen wa'adin mulki, inda shugaba ko gwamna zai ce duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, kamar yadda shi Buharin ya yi a gaisuwar Sallah ta Afrilun 2023. Wannan kalami kyakkyawa ne tsakanin maƙwabta ko a bakin maniyyaci mai shirin tafiya aikin Hajji, amma daga bakin wanda ya riƙe sojoji da baitulmali bai wadatar ba, saboda bai faɗi ko wane ne aka ɓata wa ba, bai faɗi abin da aka yi masa ba, bai kuma ɗora wa kowa nauyin gyara ba. Malamanmu sun sha karantar da cewa tuba daga laifin da ya shafi ɗan Adam ba ta cika sai an yi nadama, an daina, an ƙudurta ba za a koma ba, an kuma mayar da haƙƙi ga mai shi, kuma babu dalilin da zai sa a sassauta wa hukuma wannan ma'auni.

A daren 3 ga Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu bikin Maulidi a ƙauyen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, ya kuma sake jefawa lokacin da mutane suka taru suna kwasar gawawwaki da jikkatattu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, marigayi Taoreed Lagbaja, ya je har ƙauyen ya yi ta'aziyya ya nemi afuwa, kuma wannan ya cancanci yabo, domin a baya an fi saba da musu. To amma kafin Tudun Biri an yi Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya kai hari kan sansanin 'yan gudun hijira a jihar Borno, kuma bayan Tudun Biri ma an ci gaba da samun rahotannin irin wannan kuskure a jihohin Sakkwato da Zamfara. Ko a shari'ar Musulunci kisan kuskure yana da diyya, kuma neman afuwar da ba a biyo bayansa da bayyana sakamakon bincike da sauya yadda ake tantance inda za a kai hari ba, bai cika sharaɗin dainawa ba.

Akwai kuma inda ko afuwar ba a nema ba. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa kan rikicin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya na Disamban 2015 ya ɗora wa ƙungiyar 'yan Shi'a nata laifin, amma ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a kabari guda, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu, shekaru suka yi ta shuɗewa ba a ga hakan ba. Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999 domin bin diddigin take haƙƙin ɗan Adam tun daga 1966, ya saurari koke-koke a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano da Inugu, 'yan ƙasa suna kallo a talabijin, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati kuwa ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005.

Duk shugaban Nijeriya da ke son ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi Birtaniya ta buɗe takardun Satiru, ko na Nijar da ke son Faransa ta amsa laifin Birnin Ƙonni, yana da gaskiya a wannan buƙata, kuma ya kamata ya nace a kanta. Sai dai kafin ya hau jirgi, akwai aikin da ba ya buƙatar izinin Landan ko Paris. A Abuja, aikin shi ne a fitar da rahoton Oputa da hatimin gwamnati, a wallafa cikakken sakamakon binciken Rann da na Tudun Biri tare da sunayen mamatan da adadin diyyar da kowane gida ya karɓa, sannan a aiwatar da shawarwarin kwamitin Zariya.